Neman Sojan Ruwan Jamus da Teku Ya Haɗiye: Tambayoyi da Amsoshi

Sojan ƙasa in ya faɗi a fagen fama, galibi akan sami wanda ya ga faɗuwarsa, ko wanda ya haƙa masa rami ya kafa itace a kai. Sojan ruwa ba haka ba ne. Shi da duk wanda zai iya ba da shaidar mutuwarsa tare suke tafiya, a sa'a guda, su bar ɗan mai yana yawo a kan ruwa. Cikin Jamusawa kusan 40,000 da suka yi aiki a jiragen ƙarƙashin ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, kusan 30,000 ba su koma gida ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban tarihi da masu neman asalin dangi suka fi yi mini.

Suna kawai nake da shi. Daga ina zan fara?

Daga gida, kafin ka rubuta wa kowane ofis. Suna shi kaɗai allura ce cikin ruwa, don mai suna Hans Müller a rundunar ruwan Jamus ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne. Abin da ma'aikatan adana takardu za su fara tambayarka shi ne ranar haihuwa da garin haihuwa. Kuma ka rubuta sunan garin yadda yake a lokacin: wanda aka haifa a Szczecin ta yau, a takarda Stettin ce, Gdansk ita ce Danzig, Kaliningrad ita ce Königsberg.

Sai ka duba tsofaffin wasiƙu. Soja ba ya rubuta sunan jirginsa a bayan ambulan, an hana. Lambar gidan wayan soja yake sawa, kuma ta sojan ruwa tana farawa ne da harafin M, sai lambobi biyar. Wannan lamba ita ce sunan jirgin a ɓoye, akwai kuma jerin da aka buga wanda ke nuna kowace lamba ta wane jirgi ce. Ambulan ɗaya da ya tsira a cikin akwatin kaka ya fi labarin baki goma amfani.

Hoto ma yana taimakawa, amma da sharaɗi. Kafin yaƙi, ƙyallen da ke zagaye da hular matuƙi yana ɗauke da sunan jirginsa. Da yaƙi ya fara aka mayar da su duka kalma ɗaya, Kriegsmarine, wato rundunar yaƙi ta ruwa. In ka ga sunan jirgi a hula, to hoton ya girmi yaƙin, kuma ba lallai a wannan jirgin mutumin ya mutu ba.

Wane ofis ne ke riƙe da fayil ɗin mutum?

A watan Agustan 1939, kwanaki kaɗan kafin a shiga Polan, aka buɗe wani ofis a Barlin don lissafa matattu da fursunonin yaƙi. A taƙaice WASt ake ce masa. Bayan yaƙi ya ci gaba da aiki da sunan Deutsche Dienststelle, har zuwa farkon 2019 da aka haɗe shi da Bundesarchiv, babbar ma'adanar takardun tarayyar Jamus. Can ne fayilolin sojojin ruwa suke, tun daga 1871 har zuwa 1947. Kada shekarar 1947 ta ba ka mamaki: bayan an ajiye makamai, Turawan Ingila sun riƙe dubban sojojin ruwan Jamus suna kwashe nakiyoyin da aka shuka a teku, wasunsu ma a wannan aikin suka mutu.

Amsar da za ka samu yawanci shafi ɗaya ce ko biyu: ranar shiga soja, makarantun horo, jiragen da ya zauna da kwanan watansu, muƙami, da rahoton ƙarshe a kansa. Za ka ga lambarsa ta soja, misali harafin N ko O, sai lamba, sai shekarar da ya shiga. N na nufin an ɗauke shi ne a shiyyar Tekun Arewa mai hedikwata a Wilhelmshaven, O kuma shiyyar Tekun Baltik mai hedikwata a Kiel. Ita ce lambar da ke jikin ɗan ƙarfen da yake ratayawa a wuya, mai siffar ƙwai da tsaga a tsakiya, wanda ake karyawa biyu in soja ya mutu, a bar rabi a jikin gawa, a kai rabi ofis. Na waɗanda muke magana a kansu ba wanda ya karya shi.

To Freiburg fa? Na ji ana cewa can takardun soja suke.

Gaskiya ne, amma ka raba su a ranka: Barlin ta mutum ce, Freiburg ta jirgi ce. Reshen soja na Bundesarchiv da ke Freiburg shi ke riƙe da littattafan yaƙi na jirage da na hedikwata, ƙarƙashin lambobi masu farawa da RM. Ba za ka ga sunan ƙaramin matuƙi a cikinsu ba sai in ya ji rauni, ko ya faɗa ruwa, ko ya yi wani abin da ya isa a rubuta.

Duk dabarar aikin nan a nan take. Barlin za ta gaya maka jirgin da mutuminka yake ciki a ranar ƙarshe. Daga nan ka daina neman mutumin, ka bi jirgin. Abin da ya sami jirgin shi ya same shi.

Yaya aka yi takardun suka tsira, alhali an ragargaza Jamus?

Rabo ne. Ma'adanar takardun sojan ƙasa da ke Potsdam ta ƙone a harin jiragen sama na 14 ga Afrilun 1945, shi ya sa mai neman sojan ƙasa na Prussia yake shan wuya har yau. Na sojan ruwa kuwa an riga an kwashe su zuwa wani gidan sarauta a Tambach, kusa da Coburg, nesa da teku da kuma bama-bamai. A cikin wannan watan na Afrilu wata ƙaramar tawagar leƙen asirin sojan ruwan Birtaniya ta same su a can, aka loda su a motoci, aka kai Landan. Amurkawa suka ɗauki hotonsu shafi-shafi a kan ƙaramin fim na adana takardu. Daga baya aka riƙa mayar wa Jamus da na asalin kashi-kashi.

Amfanin wannan gare ka shi ne kwafi biyu ne a duniya. Wanda ba zai iya zuwa Freiburg ba yana iya neman jerin fim mai lamba T1022 na ma'adanar ƙasa ta Amurka. In ka ga lamba mai farawa da PG a bangon fayil, tambarin zaman Landan ne.

Me zan gani a cikin littafin yaƙin jirgi?

Sunansa Kriegstagebuch, kowa KTB yake cewa. Shafi ne da aka buga da tafireta, an raba shi gida uku. Na hagu kwanan wata da lokaci. Na tsakiya wuri, iska, yanayin teku, da nisan da ido ke iya gani. Na dama abin da ya faru. Ranar da na fara karanta ɗaya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda maganar take a bushe: ƙarfe kaza an hango jirgin sama, an nutse, ƙarfe kaza bama-bamai huɗu, fitilu sun mutu, ƙarfe kaza an taso. Layi uku, alhali mutum hamsin ne a cikin bututun ƙarfe suna sauraron ko ruwa zai shigo.

Abubuwa biyu ke rikita sabon shiga. Na farko wurin. Jamusawa ba sa rubuta ma'aunin taswira irin wanda aka saba, sun yayyanka tekunan duniya gida-gida, kowane babban gida da haruffa biyu, sai lambobi huɗu da ke ƙara matse wurin. Sai ka sami taswirar tasu, ko ɗaya daga cikin shafukan intanet masu juya lambar, kafin ka san inda ake nufi. Na biyu lokaci. Jirgin ƙarƙashin ruwa da agogon Jamus yake tafiya ko da yana gaɓar Amurka. Saboda haka abu ɗaya zai iya zama ranar 14 a takardar Amurkawa, ranar 15 a ta Jamusawa, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Sai babban abin: jirgin da ya nutse da littafinsa ya nutse. Abin da za ka tarar a fayil game da tafiyar ƙarshe, ma'aikatan hedikwata ne suka harhaɗa shi daga saƙonnin rediyon da aka aika da waɗanda aka karɓa. Ƙarshensa kusan iri ɗaya ne: an nemi ya faɗi inda yake, bai amsa ba, an sake nema, shiru.

Takarda ta ce "vermisst". Wata kuma ta ce ya mutu ranar 31 ga Disamban 1945. Wanne zan ɗauka?

Vermisst na nufin ya ɓace, ba a san inda yake ba. A jiragen ƙarƙashin ruwa mataki biyu ake bi: da farko a sa tauraro ɗaya, wato ana kyautata zaton ya halaka, daga baya a sa taurari biyu, wato an fid da rai. Ranar da aka sa tauraron ba ita ce ranar nutsewa ba.

Ita kuwa 31 ga Disamban 1945 rana ce ta kotu. Matar da mijinta ya ɓace ba ta iya sake aure, gado ba ya rabuwa, sai kotu ta ayyana shi matacce. Dokar Jamus ta Yamma ta ba da damar a sa ƙarshen shekarar 1945 a matsayin lokacin mutuwar waɗanda suka ɓace a yaƙin in ba a binciko ainihin ranar ba. Na ga masu bincike da yawa sun ɗauki wannan rana sun shiga neman wane jirgi ne ya nutse a jajibirin sabuwar shekara, wata bakwai bayan an gama yaƙi. Babu.

Takardun hukuma suna iya yin kuskure?

Sosai ma, kuma labarin jirgin ƙarƙashin ruwa U-869 ya ishi kowa misali.

Jirgin ya bar Norwe a watan Disamban 1944 da mutum 56, an tura shi gaɓar Amurka. Yana kan hanya hedikwata ta canza shawara, ta aika masa saƙo ya juya zuwa wajen Gibraltar. A littafin hedikwata, daga ranar nan jirgin yana can. Da aka gama yaƙi, masu tantance asarar jirage na ɓangaren ƙawance suka duba suka ga an kai wani hari kusa da gaɓar Moroko a ƙarshen Fabrairun 1945, sai suka ce shi ne ya kashe U-869. Haka aka rubuta a littattafai, haka aka gaya wa iyalai, haka aka zauna shekara arba'in da wani abu.

A 1991 wasu masu ninƙaya cikin zurfi suka gano wani jirgin Jamus kwance a ƙasan teku, kimanin mil 60 daga gaɓar New Jersey, a zurfin da ya haura mita 70. Babu takardar da ta ce akwai jirgi a wurin. Suka tsamo wata wuƙar cin abinci da aka sassaƙa suna a ƙotarta. Da aka bincika, mai wannan suna mutum ɗaya ne a jerin matattun jiragen ƙarƙashin ruwa, ma'aikacin rediyo a U-869. Amma da yake takarda ta ce jirgin yana can gaɓar Afirka, sai aka yi ta neman wata hanyar da wuƙar ta bi ta zo nan. Shaida tana hannunsu, takarda ta rufe musu ido. Sai a 1997 aka fito da wani akwatin kayan gyara daga ɗakin injin mai ɗauke da lambar jirgin ɓaro-ɓaro. Mutum uku daga cikin masu ninƙayar sun rasa rayukansu a wannan nema. Bisa dukkan alamu saƙon juyawar bai taɓa isa ga jirgin ba.

Ba shi kaɗai ba ne. U-166 ma an daɗe ana cewa jirgin sama ne ya nutsar da shi, sai da masu auna ƙasan teku don shimfiɗa bututu suka gano shi a Tekun Meksiko a 2001, a wurin da wani ƙaramin jirgin sintiri ya ce ya kai masa hari a Yulin 1942, aka ƙi yarda da kwamandansa. Saboda haka in littafin da ke hannunka tsoho ne, nemi wanda aka buga bayan an sake tantancewa.

Akwai amfanin duba takardun abokan gaba?

Sau da yawa su kaɗai suka ga ƙarshen. A ma'adanar ƙasa ta Birtaniya da ke Kew akwai rahotannin jiragen da suka kai hari, akwai saƙonnin Jamusawa da aka warware sirrinsu a Bletchley Park, cibiyar fasa saƙonnin sirri ta Birtaniya, akwai kuma rahotannin tambayoyin da aka yi wa waɗanda aka tsamo da rai. Waɗannan na ƙarshe sun fi komai daɗin karatu, don sukan kawo jerin ma'aikatan jirgin, wanda ya tsira da wanda bai tsira ba, da labarin mintunan ƙarshe daga bakin waɗanda suke ciki. Sai dai ka tuna fursuna ne ke magana da wanda ya kama shi, kuma Baturen da ke rubutawa yakan ɓata sunayen Jamusanci.

Manyan jirage sun fi sauƙi. Bismarck ya nutse ranar 27 ga Mayun 1941 da mutum sama da 2,000, waɗanda aka tsamo ba su kai 120 ba. Scharnhorst ya nutse ranar 26 ga Disamban 1943 a arewacin Norwe, mutum 36 kacal suka tsira cikin kusan 2,000. An yi rubutu a kansu har ya yi yawa.

Zai yiwu yana da kabari?

Zai yiwu, kada ka yanke ƙauna kafin ka duba. Ƙungiyar Volksbund, wadda aka kafa a 1919 don kula da kaburburan sojojin Jamus, tana da rumbun sunaye a intanet mai sunaye sama da miliyan 5, kyauta ne. Teku yakan mayar da wasu. Da Amurkawa suka nutsar da U-85 a Afrilun 1942, sun tsamo gawa 29, aka binne su da dare a maƙabartar sojoji ta Hampton a jihar Virginia. Marubucin nan Gorch Fock, wanda ya mutu a jirgin Wiesbaden a yaƙin Skagerrak na 1916, babban gumurzun ruwa tsakanin Jamus da Birtaniya, igiyar ruwa ce ta kai gawarsa gaɓar Suwidin, yana kwance a wani ɗan tsibiri mai suna Stensholmen. A Ingila an tattara yawancin matattun Jamus a Cannock Chase.

Wanda teku ya riƙe kuwa, sunansa ne ya rage. Na jiragen ƙarƙashin ruwa suna Möltenort, a bakin mashigin ruwan Kiel. Hanya ce mai lanƙwasa da aka haƙa ƙasa-ƙasa, bangonta duk allunan tagulla, an jera su bisa lambar jirgi: lamba, wuri, dalilin nutsewa, sai sunaye da ranar haihuwa. Ka tsaya gaban allo ɗaya ka bi shekarun da yatsa, 1922, 1923, 1924, ka cire daga 1943, ka ga yaran da ake magana. Gaba kaɗan a Laboe akwai doguwar hasumiyar tunawa da sojojin ruwa, da jirgin U-995 a kan yashi wanda ake shiga, ga mai son ganin ƙuncin wurin da idonsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya fa?

Hanyar ɗaya ce, da ƙarin abu ɗaya. Daga 1914 zuwa 1919 gwamnati ta riƙa buga jerin matattu, masu rauni da ɓatattu, har da na sojan ruwa daban. Masu aikin sa kai na ƙungiyar binciken asali ta kwamfuta a Jamus sun shigar da sunayen, sama da miliyan 8, ana nema kyauta. Katunan fursunonin wannan yaƙi kuma ƙungiyar Red Cross ta Geneva ta sa su a intanet.

Ba na jin Jamusanci.

Bugun tafireta manhajar fassara tana iya masa, in ka koyi gajerun kalmomin sojan ruwa. Matsalar rubutun hannu ne. Tsohon salon rubutunsu, Kurrent da Sütterlin, Bajamushen yau ma kallonsa yake kamar yadda ɗan boko zalla ke kallon ajami. Akwai tsofaffi masu taimakawa da karanta shi, ka neme su.

Nawa ne, kuma kowa ake ba?

Ana biyan kuɗin bincike da na kwafi, gwargwadon aikin. Jiran ne mai tsawo, watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma yawan tuni ba ya sa layi ya matsa. Dokar ma'adanar tarayya tana buɗe fayil ɗin mutum shekara 10 bayan mutuwarsa, ko shekara 100 bayan haihuwarsa in ba a san ranar mutuwa ba. Ga wanda ya nutse a 1943 wannan ba shinge ba ne. Duk da haka ka faɗi alaƙarka da shi da dalilin neman.

A ina sawu yake ɓacewa gaba ɗaya?

A ƙananan jirage da kuma watannin ƙarshe. Jiragen kamun kifi da aka ɗora wa bindiga aka mai da su na sintiri, da masu share nakiya, da kwale-kwalen jigila, mutane da yawa sun mutu a cikinsu ba tare da wani ya rubuta littafi a kansu ba. Daga Janairun 1945 kuma lissafi ya watse. Da jirgin Wilhelm Gustloff ya bar Gotenhafen, wato Gdynia ta Polan a yau, ranar 30 ga Janairu, ɗauke da 'yan gudun hijira, ɗaliban makarantar jiragen ƙarƙashin ruwa da mata masu taimaka wa rundunar, an daina rubuta sunayen masu shiga tun kafin jirgin ya cika. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet S-13 ya nutsar da shi a daren, kimanin mutum 9,000 suka mutu. A irin wannan, ofishin neman ɓatattu na Red Cross ta Jamus da ke Munich shi ne madogara, da littattafansa na hotunan ɓatattu da aka riƙa nuna wa fursunonin da suka dawo ko za su gane wani.

Matuƙan jiragen kasuwanci kuma ba sojoji ba ne. Nasu ka fara da ma'adanun jihohin Hamburg da Bremen.

In na gano abin da ba na so fa?

Zai iya faruwa. Littafin da ya gaya maka yadda mutuminka ya mutu shi zai gaya maka jiragen da suka nutsar kafin nan, da mutanen da ke ciki, har da 'yan Afirka ta Yamma da ke aiki a jiragen kasuwancin Birtaniya a hanyar Legas, Takoradi da Freetown. Kwamandan U-852, Heinz-Wilhelm Eck, ya sa an buɗe wuta a kan tarkacen da waɗanda suka tsira daga jirgin Peleus ke maƙale da shi a 1944, aka yanke masa hukuncin kisa a Hamburg a 1945. Ni dai ra'ayina, wanda ya rubuta tarihin kakansa ya tsallake wannan shafin, rabin aiki ya yi.

In an gano jirgin, ana fito da ƙasusuwan?

A'a. Jamus tana ɗaukar jiragen yaƙinta da suka nutse a matsayin kayanta kuma maƙabarta, ba a shiga a ɗebi komai, ko da yake ɓarayin ƙarfe sun yi wa wasu na yaƙin Skagerrak ɓarna. Bismarck, wanda Robert Ballard ya gano a 1989, yana can a zurfin da ya kusa kilomita 5. Abin da iyalai kan yi shi ne su karɓi ma'aunin wurin, in kusa da gaɓa ne su yi hayar kwale-kwale, a kashe inji a daidai wurin, a karanta sunayen, a jefa furanni.